Ba a Gan Shi Ba

An haifi Lucius Tolliver Hembree ran tara ga watan Maris na shekarar 1824, a garin Ellersby da ke tsakiyar jihar Georgia, a ɗakin da ke saman kantin mahaifinsa. A ɗakin nan ya rasu bayan shekara sittin da bakwai, a kan gadon da aka haife shi. Mahaifiyarsa ta rasu wurin haihuwar ƙanwarsa Adelia, lokacin yana da shekara goma sha biyu. Mahaifin ya bi ta bayan shekara tara, ya bar wa Lucius kanti da yarinya. Shi ya raine ta, shi ya koya mata karatu a kan teburin awon kaya, tsakanin buhunan gishiri da gangar ruwan rake. Bai taɓa yin aure ba. Idan aka tambaye shi dalili, sai ya ce bai samu lokaci ba, kuma da alama gaskiya ya faɗa.

Kantin na sayar da abin da manomi ke bukata: gishiri, ƙusa, bakin garma, atamfa, kofi, naman alade mai gishiri. Da kaka kuma Lucius yana sayen auduga ya aika da ita bakin teku. Ciniki ya karɓe shi, amma zuciyarsa tana wani wuri. A shekarar 1851 wani mai ɗab'i da zai yi ƙaura zuwa yamma ya sa kayansa a kasuwa, sai Lucius ya sayi injin buga takarda na hannu, da akwatin haruffan dalma shida, da mutumin da ya iya jan injin, duka a takardar ciniki ɗaya. Sunan mutumin Josephus, bawa ne, shekarunsa ashirin da ɗoriya. Aka share ɗakin da ke bayan kanti, aka kafa jaridar mako-mako mai shafi huɗu, aka sa mata suna Mai Gadin Ellersby.

Doka ta hana a koya wa bawa karatu, kuma babu wanda ya koya wa Josephus. Amma mutumin da ya shekara yana shafa wa haruffa tawada, yana wanke su, yana mayar da kowanne gurbinsa, ba zai rasa gane su ba. Sai dai da yake haruffan dalma a juye suke, a juye ya iya karatun. Lucius ya lura. Da ya tabbatar, sai ya fara miƙa masa rubutu ya jera.

A kan harshe Lucius ba ya wasa. Ya san inda waƙafi yake zama da inda aya take tsayawa, abin da ba kowane edita ya sani ba, ko a wancan zamani ko a yau. Ya taɓa mayar wa faston gari sanarwar jana'iza don ya gyara jimla ɗaya, alhali gawar tana jira. Yana da ƙa'ida wadda kowa ya sani: ba ya buga abin da bai tabbatar ba. Idan aka ce gobara ta cinye rumbu uku, sai ya hau doki ya je ya ƙirga toka. Har ta kai idan gardama ta kaure a bakin coci, abin da ke kashe ta shi ne wani ya ce, “Hembree ya buga.”

A shafi na huɗu, ƙarƙashin tallan magani da na alfadarai, akwai sanarwar bayin da suka tsere. Kowace sanarwa tana farawa da ɗan hoto na dalma, bai fi girman farce ba: mutum ya ɗaga ƙafa, ya rataya ƙunshi a sanda. Kusa da shi manyan haruffa biyu-uku: YA GUDU. A ƙasarmu a lokacin, kalmar nan ta wannan shafi ce kaɗai. Doki yakan ɓalle, ɗan mutane yakan yi tafiya, amma bawa ne kawai yake gudu. Josephus ne yake shafa wa ɗan mutumin tawada kowace Alhamis.

Adelia ta yi aure a 1856. Mijinta Wiley Stroud manomi ne daga tudun da ke arewa da gari, dogo, mai yawan dariya, wanda karatunsa bai wuce sa hannu ba. Lucius ya so ta auri lauya, ita kuwa ta ce lauyan ba ya ba ta dariya. Cikin shekara huɗu suka haifi 'ya mace, Mattie, da ɗa namiji, Ben. Duk Asabar Wiley yakan shigo gari, ya zauna a kan gangar ƙusa, ya tsokani surukinsa.

“Suruki, na ji an ce ka kori wani waƙafi daga gari jiya. Me ya sata?”

“Ba kora na yi ba, wurinsa na mayar da shi.”

“To ni ma ka mayar da ni wurina, ka ba ni taba.”

Haka suka zauna har shekarar 1861, lokacin da jihohin Kudu suka ɓalle daga tarayyar Amurka. Lucius yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Sharhin da ya rubuta a watannin nan yana nan a ajiye, kuma dole a yarda cewa ginin jimlolinsa ba shi da makusa. A ɗaya daga ciki ya ambaci 'yanci sau goma sha ɗaya a shafin farko. A shafi na huɗu na wannan fitowar, ɗan mutumin nan mai ƙunshi ya bayyana sau uku. Bai ga wani abu a ciki ba. Kusan babu wanda ya gani a cikinmu.

Da aka buɗe rajistar masu zuwa yaƙi, mutum tamanin da huɗu suka ba da suna. Al'adar lokacin ita ce sojojin sa-kai su zaɓi hafsansu da kansu. Aka zagaya da hula, kowa ya jefa takarda, Lucius ya fito kyaftin, mutumin da bai taɓa harbin abin da ya fi zomo ba. Wiley bai ba da suna ba.

“Suruki, ni fa ba ni da bawa ko ɗaya,” in ji shi ranar Asabar. “Alfadari gare ni, shi ma rabin lokaci shi ke ba ni umarni. Me zan je karewa?”

“Ƙasarka.”

“Ƙasata eka talatin ce, rabinta duwatsu. Ban ji wani mutumin Arewa yana sha'awarta ba. In yana so ma ya zo ya taya ni tsince su.”

Mutanen da ke kanti suka yi dariya, ban da Lucius. A fitowar mako mai zuwa ya buga sunayen tamanin da huɗun nan, ya bar fili fari a ƙasansu, ya rubuta cewa jarida ta keɓe wurin ne domin waɗanda har yanzu suke shawara. Bai ambaci kowa ba. Kwana biyu bayan haka aka wayi gari an rataye fatari na mata a ƙofar gonar Wiley, kamar yadda 'yan matan gari suke yi wa duk namijin da ya ƙi fita. Wiley ya cire shi, ya naɗe, ya kawo kanti ya ajiye a kan teburi.

“Sa sunana a farin wurin nan,” ya ce. “Ka rubuta shi daidai, tunda ka iya.”

Ranar tafiya, a tashar jirgin ƙasa, Adelia ta ja yayanta gefe. Ben yana kafaɗarta, Mattie tana riƙe da gefen rigarta.

“Yaya, ba zan ce ka dawo min da shi ba, wannan ba a hannunka yake ba. Amma duk abin da ya same shi, daga bakinka nake so in ji. Kowa zai lallashe ni da ƙarya, kai ne kawai ba za ka yi ba.”

“Na yi miki alkawari, Deli,” ya ce.

Ba a taɓa yabon Lucius da jarumtaka ta musamman ba, ba a kuma taɓa zarginsa da tsoro ba. Hafsa ne mai kula. Ya san wanda takalminsa ya tsage da wanda zawo ya kama, yana raba garin masara da awo kamar a kanti. Sojojinsa suka sa masa Kyaftin Waƙafi, domin idan mutum ya kawo masa wasiƙa ya duba, sai ya dawo da ita da gyara. Wiley ne ya raɗa sunan. Bayan kowane gumurzu, Lucius yakan zauna a kan ganga ya rubuta sunaye a layi uku: waɗanda aka kashe, waɗanda aka ji wa rauni, da waɗanda ba a gani ba. Kwafi ɗaya ya tafi wurin manya, ɗaya ya tafi Ellersby. A can jaridar ta koma shafi ɗaya, fasto ne da suna, Josephus ne da aiki. An kwashe akwatin haruffa huɗu an narka an yi harsashi. Da takarda ta ƙare, sai aka riƙa bugawa a bayan takardar ado ta bangon ɗaki, har ya zamana mace takan karanta mutuwar ɗanta a gefe ɗaya, ta juya ta ga furanni. Duk da haka babu wanda ya taɓa musa jerin Hembree. Idan ya sa mutum a layin farko, ranar ake rina kaya baƙi.

A watan Nuwamba na 1863 rundunar tana kan tsaunin da ke kallon garin Chattanooga, cikin sanyi da yunwa. Daga tamanin da biyar sun koma arba'in. Wasiƙa ta zo wa Wiley daga Adelia, ya kawo wa surukinsa kamar kullum ya karanta masa. Da rana ne, suna zaune a bayan ramin tsaro suna shan ruwan soyayyen ɗan kuɓewa, wanda ake kira kofi don rashin na gaske. Lucius ya karanta a fili, bai tsallake kalma ba, domin ba ya tsallakewa. Masu tara wa soja kaya sun tafi da alfadarin. Gishiri ya ƙare, har tana haƙa ƙasar ɗakin banda nama tana dafawa ta tace. Ciwon maƙogwaro ya shiga gari, ya ɗauke Ben ran Talata, ita ta haƙa kabarin da taimakon wata maƙwabciya. Mattie ta fara tari. A ƙarshe ta rubuta: “Ban ce ka zo ba. Amma ban san yadda za mu kai bazara ba.”

Wiley ya ajiye kofinsa.

“Kwana goma, Suruki. Kwana huɗu zuwa, huɗu dawowa, biyu in sare musu itace.”

“An hana hutu. Abokan gaba suna ƙasa, kana ganinsu.”

“Ina ganinsu. Ba su suka rubuto min ba.”

“Mutum shida suka roƙe ni a makon nan, na hana su. In na ba ka, me zan ce musu? In ce don kana auren ƙanwata?”

“Ka ce musu ɗan ƙanwarka ya mutu. Ko jimlar ba ta ginu daidai ba?”

Wiley ya karɓi wasiƙar, ya naɗe ta, ya sa a hularsa.

Kwana uku bayan haka sojojin Arewa suka hau tsaunin, layin Kudu ya karye, aka yi ta ja da baya cikin ruwan sama da laka, kowa yana neman tutarsa. Washegari da hantsi aka tsaya a wani fili aka kira suna. Mutum talatin da ɗaya suka amsa. Biyar an ga faɗuwarsu. Uku suna keken marasa lafiya. Saura ɗaya. Lucius ya zauna a kan kututture, ya ja layukansa uku, ya cika biyu. Wani saja da ke tsaye kusa ya ce Lucius ya daɗe riƙe da alƙalami har tawadar ta bushe ya sake tsomawa. Sannan ya rubuta a layi na uku: Wiley Stroud, ba a gan shi ba.

Lucius ya dawo gida a watan Mayu na 1865 da mutum goma sha tara da hannun hagu wanda ba ya miƙewa. Rundunar Arewa ta bi ta garin watanni shida kafin nan. Kanti wayam, an fasa injin, an watsa haruffa a tsakar gida, kuma Josephus ya bi sojojin zuwa bakin teku tare da kusan duk bayin Ellersby. Lucius ya yi mako biyu a durƙushe yana tsintar haruffa cikin ƙasa yana wankewa.

Adelia tana nan, Mattie ma ta rayu. Duk tsawon wannan bazara fursunonin yaƙi suna dawowa daga Arewa ɗaya-ɗaya, wasu ma an riga an fidda rai da su. Kullum Adelia takan taka mil huɗu zuwa tasha, ta tsaya har jirgi ya wuce, ta tambayi duk wanda ya sauka ko ya ga wani dogo mai yawan dariya. Da kaka dawowar ta tsaya. Sai matsalar kaya ta taso. Matar da mijinta ya mutu tana sa baƙi shekara biyu da rabi, kowa ya san matsayinta, a ba ta kujerar gaba a coci, bayan ta fita takaba kuma ta iya yin aure. Matar da mijinta ke raye tana sa launin da ta ga dama. Adelia ba ta cikin ko ɗaya. Ta rina rigunanta biyu ruwan toka, kuma ruwan toka ta sa har ƙarshen rayuwarta.

Bayan shekara biyu Josephus ya dawo, da mata da sunan da ya zaɓa wa kansa, Josephus Bell. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗab'i, bai cire hula ba.

“Na ji kana neman mai jera haruffa, Kyaftin. Aiki na zo nema, na albashi.”

“Na sani.”

“Kuma Kyaftin zan riƙa ce maka. Wancan sunan na ubangida na bar shi a hanya.”

“Na ji. Shigo.”

Suna gyara akwatin haruffa sai Josephus ya tsinto ɗan hoton nan mai ƙunshi a sanda, ya ɗaga shi a tafin hannu.

“Ga tsohon abokina. Shekara goma da ɗoriya ina shafa masa tawada, bai taɓa isa inda za shi ba. In jefa shi tukunyar narka dalma?”

“Ba ni,” in ji Lucius. Ya karɓa ya sa a aljihu. Josephus ya koma kan aikinsa.

Jaridar ta sake fitowa, kanti ma ya ɗan farfaɗo, amma Lucius bai ƙara rubuta sharhi a kan ƙasa ko 'yanci ba. Farashin auduga yake bugawa, da aure, da mutuwa. Wata sabuwar ɗabi'a kuma ta shige shi. Duk ƙarshen Nuwamba yakan rufe kanti kwana goma, ya ce zai je Atlanta sarin kaya. Yakan dawo da laka har gwiwa, ba tare da ko buhu ɗaya ba. Mutane suka ce mace ce. Wasu suka ce giya.

A shekarar 1871 wani mai injin niƙa, Malam Pruitt, wanda matarsa ta rasu, ya nemi auren Adelia. Mutumin kirki ne, yana da gida mai rufin kirki, kuma Mattie tana sonsa. Shekara bakwai sun cika, kotu za ta iya ba da takarda cewa Wiley ya mutu. Lauya ya shirya kome. Adelia ta ce ba ta son takardar alƙalin da bai taɓa ganin mijinta ba. Ta sa hularta ta shigo gari ranar Laraba da azahar, ta sami yayanta shi kaɗai yana awon ƙusa.

“Yaya, kalma ɗaya na zo nema.”

“Zauna, Deli.”

“Ba zan zauna ba. Ka ce ya mutu. In ka faɗa, gobe in rina baƙi, in yi masa kukan da ban yi ba, in an gama in auri mutumin nan. Na gaji da jin motsi a ƙofa.”

“Ban ga gawarsa ba.”

“Gawa nawa ka gani da idonka a cikin waɗanda ka sa a layin farko?”

“Ko ni, ko wanda na yarda da shi.”

“To ka ce yana raye, in sallami Pruitt, in ci gaba da zuwa tasha.”

“Wannan ma ba zan iya cewa ba.”

Ta zagayo teburin ta tsaya a gabansa, kamar yadda take yi tana yarinya idan ta kawo allonta.

“Kai ka koya min cewa kowane aiki yana da mai yinsa. Ka buge min hannu a kan haka a wannan teburin. Ka rubuta ‘ba a gan shi ba’. Shekara takwas ina karanta shi. Wane ne bai gan shi ba?”

Lucius ya zuba ƙusoshin a takarda, ya naɗe, ya ɗaure da zare, duk da babu mai saye a wurin.

“Haka ake rubutawa a soja,” ya ce. “Ba ni na tsara ba.”

“Ba soja na tambaya ba.”

“Abin da na rubuta shi ne abin da zan iya rubutawa.”

Tambayar da ta yi daidai take ta fuskar nahawu. Akwai irin jimlar da ake ginawa domin a faɗi aiki a ɓoye mai yinsa, kuma duk wanda ya koyar da yara ya san cewa ita suke fara kawowa idan an fasa tulu. Jimlar ba ƙarya ba ce. A filin kiran suna, a wannan hantsi, hakika ba a gan shi ba. Adelia ta tsaya jiran ƙari, ba ta samu ba. Ta fita. Pruitt ya jira shekara guda, sannan ya auri wata daga garin gaba.

Sau ɗaya Adelia ta sake roƙon yayanta. A 1884 matan gari suka tara kuɗi aka sassaƙa dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi a dandalin kotu, aka ba Lucius aikin tsara sunaye, domin babu mai jerin da ya kai nasa inganci. Sunaye hamsin da biyu ya bayar. Adelia ta aiko Mattie, wadda a lokacin ta yi aure har da 'ya'ya.

“Kawu, Inna ta ce ba ta neman kome yanzu. Ta ce ko a can ƙasa ne, da ƙananan haruffa, ta samu inda za ta ajiye fure.”

“An rubuta a saman dutsen cewa waɗannan sun mutu a fagen fama.”

“Wa zai ƙirga, Kawu? Su waye za su zo su duba?”

“Ni.”

“Wallahi da haruffan nan naka suna da jini, da sun fi ka tausayi,” in ji Mattie. Ba ta sake taka kantin ba.

Garin ya goyi bayanta. Aka ce Hembree ya fifita ƙa'ida a kan jininsa, wasu tsofaffin sojojinsa ma suka daina gaishe shi. Ranar buɗe dutsen, zawarawa suka zauna a gaba cikin baƙi, Adelia ta tsaya a baya cikin ruwan toka, hannunta babu fure. Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba. Amma kowace Lahadi takan aiko masa da burodin masara da dafaffen dankali a kwano, an rufe da ƙyalle, shi kuma ya mayar da kwanon a wanke ran Litinin. A haka suka yi shekara biyar. Ta rasu a watan Fabrairu na 1889. Shi ya jera sanarwar da hannunsa mai lafiya, ya kira ta matar Wiley Stroud, bai ce matar marigayi ba. A Nuwamban wannan shekara bai je ko'ina ba. Ya rufe jaridar a 1890, ya rasu a shekara mai bi, ranar wata Alhamis da safe. Mutum goma sha ɗaya suka raka shi.

Mattie ta sayar da ginin, ta ce Josephus ya kwashe kayan ɗab'in ya yi yadda ya so da su. A aljihun teburin edita, can ciki, ya sami takardu ashirin da biyu, na kowace shekara ɗaya, ɗauke da sunayen ƙauyuka da gonaki da mashigan ruwa da ke kan hanyar ƙafa daga Chattanooga zuwa Ellersby. A gaban kowane suna an rubuta abin da aka samu: babu, ba su tuna ba, masu farautar sojojin da suka bar fage sun rataye mutum uku a mararraba, ba a san sunayensu ba, wata tsohuwa ta ba wani dogo ruwa, ba ta san inda ya nufa ba. A ƙarƙashin takardun akwai haruffan dalma layi huɗu, an jera su, an ɗaure da zare kamar za a kai kan inji. Fes suke, tawada ba ta taɓa taɓa su ba. Josephus bai bukaci bugawa ba, a juye ya karanta, irin karatun da ya fara iyawa. Ya ajiye su bai nuna wa kowa ba sai bayan rasuwar Mattie, sannan ya kawo wa mai wannan rubutu.

Wanda ya karanta layukan zai gane abin da ya ɗaure bakin Lucius. Da ya ce ya mutu, ya yi wa ƙanwarsa ƙaryar da ya yi alkawarin ba zai yi ba, alhali mutumin yana iya ƙwanƙwasa ƙofa wata rana. Da ya faɗi gaskiya, ya sa mijinta ƙarƙashin kalmar shafi na huɗu, a garin da ba a taɓa faɗin ta a kan farin mutum ba, kuma Adelia ta san cewa wasiƙarta ce ta taso shi, bai iso ba. Ko a cikin aljihun teburi Lucius bai iya jera kalmar ba. A daidai gurbinta ya sa ɗan mutumin nan mai ƙunshi a sanda. A nan an mayar da ita wurinta, domin jimla ba ta tsayuwa babu ita:

“Ni, Lucius Hembree, na ga Wiley Stroud da ransa da lafiyarsa, da fitowar rana, ran ashirin da shida ga Nuwamba 1863, a bakin rafi. Ya jingine bindigarsa a jikin itace ya gudu, ya nufi gida. Ya waiwayo, muka haɗa ido. Ni ne na juya baya har ya shige daji.”